Bencin da ke kusa da taga

Nyanya, Abuja
Daren Lahadi

Uwata,

Yanzun nan na ajiye waya. Tun da rana aka tashi sujada a can gida, amma bayan na ci tuwo sai na sake kunna ta daga farko, saboda akwai wurin da nake so in ƙara gani. Wannan takarda ba yau za ki karanta ta ba. Zan sa ta cikin Littafi Mai Tsarki na Kaka, wanda aka ce naki ne tunda sunanta kika ci, ki same ta ranar da kika girma kika buɗe shi ke kaɗai.

Shekararki takwas lokacin da abin ya fara. Daren 29 ga Maris 2020 Shugaba Buhari ya yi jawabi, ya ce za a kulle Abuja da Legas da Ogun saboda korona, kashegari da dare dokar ta soma aiki a nan Abuja. Jihar Kaduna kuwa ta riga ta rufe nata ƙofofin. Ga Zariya can tafiyar rabin yini, ga ni a ɗaki ɗaya, daga ni sai katifa da risho. Ranar Ista, 12 ga Afrilu, wani cikin matasan majami'armu ya jingina wayarsa a kan kujera ya buɗe Facebook. Fasto ne da dattijo guda, sai bencina babu kowa a kai. Hoton yakan daskare, muryar ta yanke, in ɗaga waya sama kusa da taga ina neman sabis. Duk da haka da Fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka, sai na ga na durƙusa a kan siminti hawaye na zuba. Ba zan taɓa raina wannan abu ba. A watannin nan shi ya riƙe ni, kuma na san tsofaffi da marasa lafiya da 'yan'uwanmu na ƙasashen waje waɗanda har yau shi ke riƙe da su.

Laifina daga baya ya zo. A farkon Yuli aka buɗe hanyoyi tsakanin jihohi, majami'u suka cika, yaron nan ya ci gaba da sa wayarsa saboda irinmu. Ni kuma zuwana gida ya fara ja da baya, daga kowane mako biyu ya koma wata wata. Sai ga harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris 2022 kusa da Katari, aka kashe mutane, aka kwashi wasu zuwa daji, jirgi ya tsaya cak har 5 ga Disamba. Tsoron hanya gaskiya ne, kowa ya ji shi, mahaifiyarki da kanta takan ce in zauna. Amma ni na san abin da ke cikina. Rigimar gonar Kakanki ce tsakanina da Baffanki. Na faɗa masa maganar da bai kamata wa ya faɗa wa ƙaninsa ba, a gaban matarsa, kuma ba na son mu haɗu a ƙofar majami'a inda kowa ke gaisawa da kowa. Hanya ta ba ni hujja, waya ta ba ni maɓoya.

Kin ga, Uwata, waya ba ta tambayar mutum ina ya shiga kwana biyu. Ba ta riƙe hannunka ta ƙi saki kamar yadda tsofaffin Zumuntar Mata suke yi. In wa'azi ya doso inda ke maka ciwo, kana iya rage murya, kuma na rage, ba sau ɗaya ba. Baiko in tura ta banki, saƙo ya shigo, in ji kamar na sauke nauyi. Ranar Jibin Ubangiji in zuba ido ina kallon bayan mutane suna layi, har da ƙeyar Baffanki, wadda zan gane ko cikin mutum dubu. Kuma kada in yi miki ƙarya cewa babu inda zan je. Nyanya da Karu da Mararaba cike suke da majami'u masu sujadar Hausa, akwai wadda nake jin tulu da cakin matanta daga ɗakina. Kullum motar zuwa aiki sai ta wuce da ni ta gaban babbar Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa. Ni dai na fi son inda zan gani ba a gan ni ba.

Kakarki ma ta yi sujada daga nesa. Shekarun da Kakanki yake aikin hanyar jirgi a ƙauyukan da babu majami'a, rediyo ne fastonta. Takan kamo shirin Hausa na ELWA, tashar da mishan suka buɗe a Laberiya a 1954. Amma sai ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta shimfiɗa tabarma, ta kira duk wanda ke kusa, ta buɗe Littafin Waƙoƙi tana bi da ƙarfi ko muryar rediyon ta ɓace. In an gama ta dafa abinci ta kai wa maƙwabta. Ni ɗanta kuwa, akwai Lahadin da na bi sujada a kwance, da singileti, barci ya ɗauke ni kafin a kai ga sanarwa.

To ga abin da na sake kallo yau. Yaron ya canza wa wayar wuri, ya sa ta a gefe, sai bencin da ke kusa da taga ya shigo hoto. Na gan ki zaune a bakin bencin, inda kike so saboda iska. Ana cikin waƙa ta biyu wata tsohuwa gwauruwa mai yanar ido ta shigo tana laluben hanya da sanda. Manya uku ta wuce. Ke kika tashi, ba ki waiga ki ga ko wani na kallo ba, kika kama gwiwar hannunta kika zaunar da ita a wurinki. Sannan kika tsaya a gefenta har aka gama wa'azi, fiye da minti arba'in. Da Fasto ya faɗi inda za a karanta, na ga kin sunkuya kusa da kunnenta kina karanta mata a hankali, yatsanki na bin layi. Sau ɗaya kika canza ƙafa don gajiya, kika ci gaba.

Ba ni na koya miki wannan ba, don ba na nan. Wataƙila mahaifiyarki ce, wataƙila jinin mai sunanki ne. Na san kina da taurin kai, na san yadda kike kumbura baki in an aike ki kina cikin wasa, kuma wannan kam daga wurina kika ɗauko. Ki kula da shi, don na ga inda ya kai ni. Amma yau na ga yarinyar da idonta ke zuwa kan wanda kowa ya tsallake, kuma na ji kunya irin wadda ban ji ba cikin wa'azi ɗari.

Ɗazu na kira Baffanki. Bai ɗauka ba, na tura masa saƙo cewa ina zuwa, kuma ni ne mai laifi. Ranar Juma'a zan shiga jirgin safe daga Idu zuwa Rigasa, daga nan in hau mota zuwa Zariya. Na saya miki takalmin da kika ce, ban tabbata da lambar ba, in ya yi miki kaɗan a ba ƙanwarki. Ranar Lahadi zan zo da wuri in zauna a bayan bencin nan na taga, in tsohuwar ta shigo ni zan tashi.

Babanki