Kalmomi uku da dangantakar Turkawa da ƙasarsu

Tun da na fara nazarin aron kalmomi, babu misalin da ya tsaya mini a rai kamar na Turkanci. Kalmomi uku sun ishe ni bin sawun yadda Turkawa suka riƙa kallon ƙasa da ruwa da itace.

Ta farko ita ce yer-sub, wato ƙasa da ruwa. Tana cikin rubutun duwatsun Orhon, a Mongoliya ta yau, waɗanda aka kafa a 732 da 735. A can ƙasa da ruwa masu tsarki ne, ana ambatonsu tare da Tengri, sunan da ke nufin sama, yake kuma nufin abin bauta. Makiyayin wancan zamani tsoronsu yake ji.

Ta biyu, tabiat, daga Larabci ta shigo bayan Turkawa sun musulunta. Tushenta ɗaya da “ɗabi'a” tamu, sai dai mu mun tsayar da ita ga halin mutum, su kuwa suka haɗa da dukkan halitta. A daular Usmaniyya ta Turkiyya tsoro ya koma jinƙai: an gina wa tsuntsaye ƴan ɗakuna a jikin bangon masallatai, a birnin Bursa har da gidan jinyar shamuwa.

Ta uku, doğa, an ƙirƙiro ta ne daga aikatau mai nufin haifuwa, bayan kafa hukumar harshen Turkanci a 1932, domin ta maye gurbin kalmar Larabci. Amma jamhuriyar da ta raɗa wa halitta sunan gida ita ce ta datse manyan koguna. Ruwan madatsar Ilısu ya haɗiye tsohon garin Hasankeyf a 2020. Kafin nan, a 2013, yunƙurin sare itatuwan lambun Gezi na Istanbul ya fito da jama'a kan tituna. Ke nan ba duk Turkawa ne suka yarda ƙasa ta zama dukiya kawai ba.

Abin da na ɗauka shi ne, sabon suna ba ya mayar da tsohuwar kunya. Mu da ake horarwa domin mu ƙirƙiro kalmomin Hausa na kimiyya, ya kamata mu san iyakar aikinmu. Za mu iya sama wa “muhalli” madadi a zama ɗaya, amma ba kalmar ce za ta hana gatari sauka kan gawo ba.