Amanar da ke kan falwaya

Makon jiya ina kwashe kayan marigayi Babanmu a ɗakinsa na nan Sabo, sai na ci karo da wayar gwajinsa a ƙasan akwati. Kan tarho ne guda, da igiya mai 'yan maƙalai biyu masu haƙora kamar bakin kada. Yaran gidanmu suka yi ta tambaya ina ake sa mata sim.

Baba ma'aikacin layi ne tun zamanin P&T, har aka kafa NITEL a 1985. Kafin GSM ta shigo a 2001, cinikin goro tsakanin Badun da Kano a kan wayar jan ƙarfe yake tafiya. In layi ya mutu, sai ka ga Alhazai sun yi cirko-cirko a ƙofar gidanmu tun da asuba. Baba zai hau falwaya, ya maƙala haƙoran nan a wayoyi biyu, ya kasa kunne. In ya ji ƙugin layi, to matsalar tana wajen gida. In shiru ne, sai ya bi ta baya har akwatin rarraba layuka. Ya ce mini layin da ba a magana a kansa yana ɗauke da wuta kusan bolt 48, amma in kira ya shigo kana riƙe da waya tsirara, sai ka yi salati.

Abin da ban sani ba sai da na girma: na'urar tana iya sauraron hirar mutane ba tare da sun ji ko ƙyas ba.

Wata rana da daddare wani babban dillali ya zo da ambulan. Yana so Baba ya riƙa jiyo masa farashin da abokin hamayyarsa ke yankewa da mutanen Kano. Lokacin kuɗin makarantarmu ya gagara, ni kaina an koro ni. Ina bayan labule na ji Baba ya ce, “Alhaji, gyara aka ba ni, ba kunne ba. Ɗauki abinka.”

Na yi fushi da shi a daren nan, wallahi. Sati uku na yi a gida kafin Inna ta sayar da tasoshinta.

Yanzu ni ma gyaran waya nake yi, kullum mutane na miƙo mini wayoyinsu da lambar buɗewa, hotuna da saƙonni duk a ciki. Na rataye na'urar Baba a shagon, daidai inda idona ke sauka in na ɗago kai. Allah Ya jiƙansa.