Yadda Na Zama Wanzamin Kaina

Duk ranar Juma'a da hantsi, tun ina yaro, akwai wata sallama da ba ta fashi a zauren gidanmu. Tsohon wanzamin unguwarmu ne yake yin ta, zabirarsa rataye a kafaɗa. Mahaifinsa ne ya yi mini askin suna, shi kuma shi ya yi mini kaciya, kuma shi ya riƙa yi wa mahaifinmu aski har Allah Ya karɓi ransa. Da sanƙo ya fara cin gaban goshina bayan na haura shekara 40, na lura saisaye ba ya ƙara mini komai sai tonon asiri, sai na koma ƙwal-kwabo, na gaji gurbin mahaifinmu a kan tabarmar zauren. Baba Wanzami, kamar yadda muke kiransa, yakan jiƙa mini kai da ruwa, ya murza da tafin hannu har gashin ya yi laushi, ya goga askarsa a jikin fata sau uku ko huɗu, sannan ya fara. Kafin ya gama ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu a unguwa, kaina ya zama tamkar sabuwar ƙwarya.

Ba raini ne ya tashe ni daga wannan tabarma ba. Shekara biyu da suka wuce yayana ya kwanta rashin lafiya, gwaji ya nuna ciwon hanta ne nau'in B, kuma ya daɗe a jikinsa ba a sani ba. Likita ya ce a gwada duk mutanen gida, cikin tambayoyinsa kuwa har da wannan: da me kuke aski, kuma mutum nawa ake yi wa da abin? Na yi shiru, domin na san amsar.

Dole in yi adalci a nan. Ban ce askar Baba ce ta jawo wa yayana ciwo ba, hasali ma a ƙasashe irin namu akasarin masu ɗauke da wannan ƙwayar cuta sun same ta ne tun wajen haihuwa ko a farkon ƙuruciya. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita, kuma tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jikin mutum, ko da a ɗigon jinin da ya bushe ido ba ya gani. Askar da ta bi kan yayana ita ce take bin nawa, daga ni kuma ta wuce kan maƙwabci. Gwajina ya fito lafiya lau, na yi allurar riga-kafi sau uku kamar yadda aka tsara, amma ɗan'uwan ciwon, wato nau'in C, har yau ba shi da riga-kafi. Saboda haka na roƙi Baba ya riƙa amfani da sabuwar reza, kamar yadda matasan wanzamai da yawa suke yi yanzu, su karya ta biyu su sa a mariƙi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan askar maƙeri ya ƙera mini ita tun kana goye. Hannuna bai san wata ba." Ban iya ja da shi ba. Abin da na yi ya fi musu muni: sai na riƙa ƙirƙiro uzurin fita da sassafe duk ranar Juma'a.

Na fara da shagon aski. Kilifa ba ta yin ƙwal-kwabo na gaskiya, bayan kwana biyu sanƙon ya fito fili da iyakokinsa kamar taswirar gona, kuma ɗan harshen wutar da yaran shago suke gilma mata kafin su ɗora a kan mutum bai kwantar mini da hankali ba. Daga nan na sayi shabin-sitik na roba mai baki uku. Mako biyun farko na yi ta yabon kaina. A mako na uku ƙeyata ta cika da ƙuraje masu zafi, daidai layin da bakin hula yake zama, har sai da na yi kwana huɗu ina zuwa aiki ba hula, abokai suna tambaya ko lafiya. Wani abokina mai harhaɗa magunguna ne ya warware mini. Gashinmu murɗaɗɗe ne, ba miƙaƙƙe ba. Abin aski mai baki da yawa kuwa an ƙera shi ne ta yadda bakin farko zai ɗan jawo gashin, na bayansa ya yanke shi, sai ragowar ta koma ƙasan fata. In ta tashi tsirowa, maimakon ta fito waje sai ta lanƙwashe ta soki fatar daga ciki. A ƙeya, in aka ci gaba da haka, ƙurajen kan haɗe su zama tabo mai tudu wanda ba ya ɓacewa da sauƙi. Ya ce in nemi abin da yake da baki guda, kamar aska, amma mai kariya.

Nan na tuna da wani abu da na riƙa gani a tagar kawuna, tsohon hedimasta: gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake murɗe mariƙinsa a kwance, a sa reza mai baki biyu a tsakani, a mayar a ɗaure. Muna yara mun ɗauka kayan Turawa ne na gayu. Ashe tsohuwar fasaha ce. Tun a 1880 wasu 'yan'uwa da ake kira Kampfe a birnin New York suka sami takardar mallakar wata aska mai shinge a gaban bakinta, sai dai ita wasa ta ake yi. Abin da King Camp Gillette ya zo da shi shi ne siririyar reza mai arha wadda za a yar in ta dakushe, aka ba shi takardar mallaka a 1904. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, gidan reza 51 da reza 168 kacal suka shiga. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya buɗe masa kasuwa, lokacin da aka raba wa sojojin Amurka gidan reza kimanin miliyan 3 da rabi da reza miliyan 32. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar da ba ta tsatsa. Daga baya ne aka shiga tseren ƙara baki: biyu a 1971, uku a 1998, biyar a 2006. Ni dai da baya na koma, wajen baki guda.

Na farkon da na saya a wani shago ya koya mini darasi da jini. Marar nauyi ne, mai buɗewa ta sama kamar ƙyauren taga biyu. Ban lura ba cewa in an rufe shi rezar takan karkace, ɓangare ɗaya ya leƙo fiye da ɗaya. Ɓangaren da ya lafe ba ya cin gashi, sai in danna, in na juya wancan da irin wannan dannawar sai ya yanke ni. Tun daga ranar, duk gidan rezar da zan saya sai na sa masa reza a gaban mai kaya, na ɗaga shi saitin haske na ga bakin ya fito daidai ta kowane gefe. Wanda ake kwancewa gida biyu ko uku ya fi riƙe reza tsaf, kuma ba shi da wani abin lalacewa a ciki.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda masu sayarwa ba su cika sani ba, shi ne ratar da ke tsakanin bakin reza da leɓen ƙarfen da ke gabansa. In ratar tana da faɗi, abin yana cin gashi sosai, yana kuma cin fata in hannu ya kuskure. In tana da ƙunci, ya fi sauƙin kai, sai dai a bi wuri sau biyu. Akwai kuma masu haƙora kamar na mataji maimakon leɓe, waɗanda suka fi dacewa da gashin da ya yi tsawo. Mai gyaran fuska yana iya zaɓar mai zafin, domin yana kallon duk abin da hannunsa yake yi a madubi. Mai askin kai ba haka yake ba. Rabin gonar da zai nome a bayansa take, ba ya ganin ta, kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, akwai tudu a tsakar kai, akwai kwari a bayan kunne, akwai ninki a ƙeya. Gidan reza kuwa wuyansa ba ya lanƙwasa ya bi kai kamar na roba, hannunka ne zai yi masa wannan aikin. Saboda haka ra'ayina, bayan tabo uku, shi ne mai askin kai ya zaɓi mai leɓe, mai ƙaramar rata, ko da abokai za su ce na 'yan koyo ne. Gara in maimaita wuri da in yi sallar Juma'a da auduga a manne a ƙeya.

Sai mariƙi. Ya kasance mai kaushi, wanda aka yi wa zane a jiki, domin hannu mai sabulu a bayan kai ba ya riƙe abu mai santsi. Ya kasance mai ɗan nauyi, domin nauyinsa ne yake askin, ba ƙarfin hannu ba. Wasu sun fi son dogo don ya kai ƙeya, ni kuwa gajere ya fi yi mini, yatsuna suna kusa da fata ina jin abin da ke faruwa. Wanda na tsaya a kansa shi ne Merkur 34C, ƙirar garin Solingen na Jamus, garin da ya yi suna wajen wuƙaƙe da almakashi. Wani ɗalibina ne ya taho mini da shi. Ba na cewa sai shi, na ga ƙirar Indiya da ta Masar masu arha da suka cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ba ya buƙatar ya wuce su.

Wani abin da ya burge ni shi ne duk reza mai baki biyu tana shiga duk gidan reza, ko wane ne ya ƙera shi. Ba a ɗaure ka da kamfani guda ba, saɓanin masu baki uku ko biyar da kowane mariƙi sai nasa. Feather ta Japan kaifinta ya yi mini yawa, Derby ta Turkiyya ta fi sauƙi, Lord ta Masar tana tsakani a wurina. Kowace fata da tata, sai mutum ya gwada. Reza guda takan yi mini aski biyu ko uku, domin kai ya ninka fuska faɗi. In ta ƙare sai in jefa ta cikin gwangwanin madara da na huda wa baki, saboda yara da masu tsintar bola.

Amma duk wannan sanin kaya ne, ba sanin aski ba. Ana cewa a karkatar da abin kimanin digiri 30 daga fata, to wa zai auna digiri a bayan kansa? Wanda ya koya mini ainihin aikin shi ne wanda nake gudu. Wata Juma'a ya riga ni, na fito ke nan na tarar da shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in cire hula. Ya shafa kan, ya tsaya a kan tabon, bai ce komai ba. Kunya ta kama ni, na shiga na ɗauko gidan rezar, na faɗa masa gaskiya tun daga maganar likita. Ya juya shi a hannu, ya kwance, ya ɗaure, ya ce, "Aska ce aka yi wa takunkumi." Sannan ya ce, "Laifinka uku. Kana aski kan bai sha ruwa ba. Kana dannawa kamar mai kankare tukunya. Kuma kana tare gashi ta gaba, alhali bin sa ake yi." Ya kama yatsana ya bi da shi a kaina, yana nuna mini inda gashin yake kwanciya gaba, da inda yake gangarawa ƙeya, da tsakar kai inda yake murɗewa. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan kan, ban san hanyoyinsa ba. Ya ce hannun hagu shi ne ido: ya riga aska zuwa, ya ja fatar ta miƙe, ya dawo ya duba bayanta. A ƙeya kuma in sunkuyar da kai har ninkin ya buɗe, kada in bi wurin fiye da sau ɗaya.

Haka nake yi yanzu, sau biyu a mako. Ruwan ɗumi, kumfar sabulun salo, gajeren ja, ina ɗauraye rezar bayan kowane biyu ko uku. In na gama in shafa jiƙaƙƙen alif, duk inda ya yi raɗaɗi na san a nan na danna, sannan in bi da man kaɗanya. Ƙurajen sun mutu cikin wata biyu. Yayana yana shan magani, jiki da sauƙi, shi ma na saya masa nasa.

Abin da ban warware ba shi ne hakkin Baba. Ba ni kaɗai na bar tabarmarsa ba, kuma mutumin da ya haura 70 ba sabuwar sana'a zai koya ba. Na ce ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a kamar kullum. Da na miƙa masa abin da na saba ba shi, ya janye hannu ya ce shi wanzami ne, ba ya karɓar ladan aikin da bai yi ba. Muka yi shiru. Can sai ya ce in matso, ya sake shafa kan, ya tsaya a bayan kunnen dama. "Ka bar saura a nan. Kawo abin naka." Na sa sabuwar reza a gabansa, ya riƙe mariƙin da yatsu uku kamar mai riƙe da alƙalami, ya ja sau biyu. Sannan ya karɓi kuɗin ya sa a zabira.

Makon jiya ma ya sami saura a wurin. Ban gaya masa da gangan na bar ta ba, shi ma bai tambaya ba.