Wa ke biya, wa ke karɓa

Duk sanda gardamar tallafi ta tashi a majalisarmu ta bayan la'asar, sai wani ya ce ba wa talaka kuɗi a hannu koya masa zaman kashe wando ne. Nakan saurara, domin mai faɗin haka yawanci ma'aikaci ne da ake cire masa haraji tun albashi bai iso hannunsa ba. Ƙorafinsa na da tushe.

Amma raina bai kwanta da maganar ba. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, alkawarin da gwamnatin tarayya ta yi wa magidanta marasa ƙarfi naira 25,000 ce a wata, na tsawon wata uku. Wa zai ajiye garma ko baro saboda wannan? Waɗanda ake zargi da lalaci su ne ke fita tun asuba. Kuma suna biyan nasu harajin: mai keke napep na yankar tikiti kullum, mai kayan miya na biyan kuɗin rumfa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuɗin da ake ɗora wa kan mutum da kan saniyarsa ba tare da duba abin da ya samu ba. Tikitin kullum ɗin nan irinsa ne, kuma ban cika jin ana gardama a kansa ba.