Daga Kaikai zuwa Dubai: Wane lokaci ya dace ka fita yawon buɗe ido?

RANAR da na je gida Kaikai, can ƙaramar hukumar Kusada, ban ko gama cire takalmi ba wani ɗan baffana ya ja ni gefe. Wai ya tara 'yan kuɗinsa, so yake ya fita ƙasar waje ya huta kamar yadda yake ganin 'yan fim na yi a hotuna. Dubai yake so, kuma a watan Yuli, don an ce masa otal ya fi araha a lokacin.

Ashe Baffa na jin mu daga zaure. Sai cewa ya yi, "Yuli? To wa zai yi maka maimai a gonar?" Duk muka kwashe da dariya, amma fa maganar dattijon ita ce maganar. Mutanen Kaikai sun daɗe da sanin cewa tafiya lokaci gare ta. Ba a tafiya cin rani sai amfani ya shiga rumbu, ba a kuma kai wa ruwan shuka ba a dawo ba.

To mai karatu, abin da na faɗa wa ƙanen nawa shi zan faɗa maka. Kafin ka tambayi wane wata ya fi, fara tambayar kanka: me za ni yi?

In sayayya ce da ɗaukar hoto, Dubai ta hunturu ake zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris. A tsakanin Disamba da Janairu ne ake bikin baje kolin nan nasu da aka fara a 1996. Gaskiya ne otal na sauka a Yuli da Agusta, amma dalili gare shi: zafi kan haura digiri 40, ga gumi kamar an rufe ka a tukunya. Za ka biya kuɗin jirgi ne kawai ka je ka zauna gaban na'urar sanyaya ɗaki. Kasuwar Deira kuwa da ƙafa ake zaga ta.

In ibada ce, lissafin daban ne, domin watan Musulunci na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Umarar azumi ta fi lada, ta kuma fi tsada da cunkoso, musamman goman ƙarshe. Sai dai azumi yanzu ya kama hanyar sanyi. A 2030 ma sau biyu zai zo, a Janairu da Disamba. Zafin Makka ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024, da ya faɗo a Yuni, sama da mutum 1,300 suka rasu, Allah Ya jiƙan su. Wanda zai kai tsohuwarsa Umara, ya nemi watannin sanyi.

Masu son ganin ƙasar su Shah Rukh Khan kuma, ku ji da kyau. Ruwan saman da jaruma ke rawa a cikinsa a fim yawanci na famfo ne. Na gaskiyar yana sauka a Mumbai daga Yuni zuwa Satumba, kuma ba ya rawa da kowa. Ranar 26 ga Yuli, 2005, ambaliya ta tsayar da birnin cak. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa.

In kuwa aljihunka irin nawa ne, ai Nijar ma ƙasar waje ce! Daga Kankiya ka hau mota zuwa Katsina, ka bi ta Jibiya da Ɗan Isa, sai ga ka a Maraɗi. A ƙarshen shekara ake gasar kokawa ta Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohin ƙasar. Nan su Isaka Isaka na Dosso suka yi suna. Mai son harkarmu ta fim kuma, bikin FESPACO na Wagadugu, wanda aka kafa a 1969, galibi a ƙarshen Fabrairu ake yin sa, shekara ɗaya a tsallake ɗaya. Amma a riƙa tambayar halin hanya kafin a tashi. An rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana kuɗata. Na bi wasu 'yan fim gala Maraɗi a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Wallahi tun kafin a fara wasa na shanye ruwan da na yi guzuri, kaina na sarawa, labarin da na je ɗaukowa ma a kwance na rubuta shi. Da a Disamba ne, rigar sanyi kawai zan nema.

Ka lura da wani abu? Kusan duk wuraren nan, lokacinsu mai daɗi ya yi daidai da bayan kaka a wurinmu. An yanke gero da dawa, an roro wake, kuɗi ya shigo hannu, gona ba ta neman kowa.

Ƙanen nawa ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, to Maraɗin nawa ne kuɗin mota?" Baffa ya leƙo ya ce, "Ka fara gama maimai tukuna." Mun dai yi alkawari da shi: in Allah Ya kai mu Disamba, tare za mu.