Kujerar Bagwai da Shanono

Ranar zaɓen gwamna takarda biyu malamin zaɓe ke miƙa wa mutum, amma hirar layi duk a kan ɗaya take. Daga mai rumfar shayi har tsohuwar da aka kawo wa kujera ta zauna a inuwa, kowa gwamna yake lissafi. Takarda ta biyun, ta ɗan majalisar jiha, ba suna a jikinta ba hoto, alamomin jam'iyyu ne kawai a jere. Mutum ya dangwala wa gwamnan da yake so, sannan ya lalubo alamar nan dai a ɗaya takardar ya sake dangwalawa, ya ninke ya jefa. Sak ke nan. Da yamma in an kewaye rediyo, ba kowa ke tsayawa ya ji wanda ya ci majalisar jiha ba. Wani sai bayan watanni zai san sunan wakilinsa, ranar da aka rubuta masa magani mai tsada a asibiti, wani ya ce masa, "Ka je gidan onarabul mana."

Wannan kujera da muke yi wa kallon ƙarama ita ce ta fi kusa da mu, kuma labarin mazaɓar Bagwai da Shanono a jihar Kano ya isa ya sa mutum ya sake dubanta.

Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, kujerun majalisar dokokinta kuwa 40. Ba son ran kowa ba ne. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar ke da su a majalisar wakilai ta tarayya, amma kada su gaza 24, kada kuma su haura 40. Kano na da kujeru 24 a majalisar wakilai. Da ninkin aka bi da an tashi da 72 ko fiye, sai dokar ta tsayar da ita a 40, kamar Legas. Shi ya sa ƙananan hukumomi takwas suka zama biyu-biyu a kujera ɗaya: Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Tsanyawa da Kunci wadda yanzu ake kira Ghari, sai Bagwai da Shanono.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da Bagwai da Shanono shi ne, iyakar mazaɓarsu ta jiha ita ce dai iyakar mazaɓarsu ta tarayya. Ɗan majalisar da ke zuwa Abuja da wanda ke zama a Kano, ƙasa ɗaya suke wakilta, mutane ɗaya, mazaɓu 20 na kansiloli, goma a nan goma a can. To amma tambayi Bakano da ke bin siyasa wa ya wakilci Bagwai da Shanono a Abuja daga 1999 zuwa 2015, nan take zai ce maka Faruk Lawan. Ka ce ya lissafo maka waɗanda suka zauna a kujerar jiha a tsawon waɗannan shekaru, sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. Alhali makarantar firamare, da asibitin karkara, da hanyar da ke kai amfanin gona kasuwa, da albashin malamai, duk a kasafin jiha da na ƙananan hukumomi suke, kuma majalisar jiha ce ke da ta cewa a kansu.

Yankin ba ƙaramin wuri ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin biyu mutum sama da dubu 300. A Bagwai madatsar ruwan Watari take, inda ake noman rani, inda kuma a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife da mutanen da suka taso daga Badau, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rayuka da dama. Shanono kuwa tana kan iyaka da jihar Katsina, kuma wanda ya san halin da ƙauyukan kan iyakar ke ciki ya san mutanenta na da maganar da suke so a faɗa a gaban hukuma. Waje irin wannan ba ya rasa abin da wakilinsa zai miƙe ya faɗa a zaure.

A zaɓen 18 ga Maris 2023, NNPP ta kwashe mafi yawan kujerun majalisar Kano tare da kujerar gwamna, amma Bagwai da Shanono suka tsaya a APC, suka tura Halilu Ibrahim Kundila. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilun 2024, Allah Ya jiƙansa. Sashe na 116 na kundin tsarin mulki ya tanadi a cike irin wannan gurbi cikin kwana 30. Ba a yi zaɓen ba sai ranar 16 ga Agustan 2025. Wata goma sha shida kujerar na nan ba kowa a kanta. Hukumar zaɓe ta INEC ta yi ta kokawa da yawan zaɓukan cike gurbi da tsadarsu, daga ƙarshe ta haɗa mazaɓu 16 a jihohi 12 ta yi musu rana ɗaya. Na yarda zaɓe na cin kuɗi. Amma da kujerar gwamna ce ta zama wayam, ba wanda zai kawo maganar tsada, kuma ba wanda zai yi haƙurin ko da wata ɗaya.

A duba abin da ya gudana a zauren cikin watannin nan. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Masarautar Bichi na cikin waɗanda aka rushe, Bagwai da Shanono kuwa suna cikin ƙananan hukumomin da ke ƙarƙashinta. A watan Yuli aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu, ba a dawo da Bichi ba. Ba ina nan ne don in ce dokar ta yi daidai ko ba ta yi ba. Kanawa sun rabu a kanta, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Na kuma san ƙuri'a ɗaya ba za ta juya sakamakon ba, tunda rinjayen a fili yake. Abin da ke ci mini rai shi ne an yanke wa mutane hukunci a kan wanda hakimansu za su yi wa mubaya'a, babu wanda zai tashi da sunansu ya ce "mun yarda" ko "ba mu yarda ba", a rubuta a kundin majalisa. Kasafin kuɗin 2025 ma haka ya zo, aka kai shi kwamitoci, aka yi ja-in-ja a kan hanyoyi da makarantu, aka zartar. Lokacin kasafi ne kowane mamba ke bin kwamiti yana cusa gadar garinsu da ajujuwan da iska ta yaye wa rufi. Wanda ba ya nan, ba a yi da shi.

Maƙwabtansu ma ba su tsira ba. A Tsanyawa da Kunci kotu ta ce a sake zaɓe a wasu rumfuna. Aka fito ranar 3 ga Fabrairun 2024, 'yan daba suka tarwatsa, INEC ta dakatar. Shi ma wannan sai ranar 16 ga Agustan 2025 aka ƙarasa shi, Garba Ya'u Gwarmai na APC ya yi nasara. Su ma a ƙarƙashin masarautar Bichi suke kafin a rushe ta. Ke nan ƙananan hukumomi huɗu da ke jere da juna a arewacin Kano sun shafe fiye da shekara ana jiran a san matsayin kujerunsu.

Ina ganin dalilin da ya sa shirun ya yi tsawo haka yana da alaƙa da abin da muke auna ɗan majalisa da shi. A wurin mafi yawanmu, mamba shi ne mai buhun shinkafar azumi, mai biya wa yara kuɗin jarrabawa, mai gina rijiyar burtsatse a rubuta sunansa a jikin tanki. Ba na raina waɗannan, wanda yunwa ta taɓa ya san darajar buhu. Sai dai in mamba ya rasu, irin wannan hidima tana samun mai ɗauka, ko ɗan majalisar tarayya, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko masu hanƙoron gadon kujerar. Aikin da ba mai iya yi a madadinsa shi ne na cikin zaure: ƙudiri, da muhawara, da tantance kwamishinoni, da kiran ma'aikata ta zo ta yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Shi kuma wannan aikin ba a ganinsa daga ƙofar gida, don haka rashinsa ma ba a saurin ji.

Da ranar zaɓen cike gurbin ta zo, takarda ɗaya aka miƙa wa kowa, ba gwamnan da za a fake a bayansa. Jami'an tsaro suka cika hanyoyi, 'yan sanda suka ce sun kama mutum sama da 200 da ake zargi da shirin tayar da hankali a mazaɓun biyu, ta Bagwai da Shanono da ta Tsanyawa da Kunci. A Bagwai da Shanono, Ali Kiyawa na NNPP ya samu ƙuri'a 16,198, Ahmad Kadamu na APC ya samu 5,347. Kiyawa mazaɓa ce a Bagwai, Kadamu mazaɓa ce a Shanono. A haɗa ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu, ba su kai dubu 22 ba, a ƙasar da tun 2006 ta haura mutum dubu 300. Kujerar ta bar hannun APC ta koma NNPP, kuma wanda ya hau ta ya tarar da ƙasa da shekara biyu suka rage a wa'adin majalisar, wanda zai ƙare a watan Yunin 2027.