Maki 159 Da Maki 18

Mu malaman makaranta mun saba da jan biro. Mun san inda ake jan layi, a ce wanda ya ci ƙasa da nan ya faɗi. A ƙwallon kwando na 'yan mata a jami'o'in Amurka kuwa, ba wanda ya ja irin wannan layi. Abin da suke da shi littafin hukumar wasanninsu ne, watau NCAA, inda akan rubuta wanda ya fi kowa ci, da wanda ya fi kowa shan kashi. Kashi na biyun nan muke so mu duba tare da ku, gama mun lura mutane sukan yi masa gurguwar fahimta.

Wasan minti 40 ne, an raba shi huɗu. In ƙwallo ta shiga kwando maki biyu ke nan, in daga nesa aka jefa, uku. Ƙungiya matsakaiciya takan tashi da maki 60 ko 70.

To, ran 2 ga Janairu 2024, 'yan matan Jami'ar Grambling ta Jihar Louisiana suka kara da na wata ƙaramar kwalejin koyon Littafi Mai Tsarki ta birnin Houston, College of Biblical Studies. Aka tashi 159 da 18. Ratar maki 141 ke nan, ba a taɓa ganin irinta ba a babban rukunin jami'o'in. Kafin wannan, Savannah State ce ke riƙe da kambun, ta ci Kwalejin Wesleyan 155 da 26 a 2018. Labari ya bazu, mutane suka yi ta dariya, suna cewa ga ƙungiyar da ta fi kowace lalacewa.

Mu dai ba mu yarda ba. Kwalejin nan ba ta cikin NCAA ma, a shekarar kuma ta fara kafa ƙungiyarta. In muka ɗauki takardar jarrabawar aji bakwai muka ba ɗan aji biyu ya ci sifili, wa ya faɗi, yaron ko malamin? A can al'ada ce babbar makaranta ta gayyaci ƙarama, sau da yawa har ta biya ta kuɗi, domin ta zo a ci ta. Ƙaramar tana bukatar kuɗin, babbar tana bukatar nasara. Manya ne suka zauna a ofis suka shirya wannan. 'Yan matan da suka tsaya a fili minti 40 ana zura musu kusan maki huɗu kowane minti, ba su ne suka sa hannu a takarda ba. Don haka rata ta dare ɗaya, a ganinmu, ta fi auna masu haɗa wasan bisa ga masu yinsa.

Akwai awo na biyu wanda ya fi wannan gaskiya, shi ne jerin shan kashi a hannun tsararraki. Nan sai mu koma Jami'ar Chicago State. Daga farkon 2016 zuwa Fabrairu 2018 'yan matanta suka yi wasa 59 a jere ba su ci ko ɗaya ba, har suka wuce 58 da Jami'ar Long Island ta yi a ƙarshen shekarun 1980. A tsakiya akwai shekarar wasa guda cur, 2016 zuwa 2017, wasa 29, nasara babu. Wannan kam ba a ce tsautsayin rana ɗaya ne ba.

Amma ko shi, sai an leƙa bayansa. Mai koyar da su, Angela Jackson, ita ce dai ta kai ƙungiyar makarantar ga nasara fiye da 20 a shekarar wasa ta 2010 zuwa 2011. Ashe ta manta da aikinta ne cikin shekara biyar? A'a. Daga 2015 zuwa 2017 gwamnan Jihar Illinois da majalisarsa suka kasa shiryawa a kan kasafin kuɗi, jami'o'in jiha suka shiga ƙunci. Chicago State, wadda yawancin ɗalibanta baƙar fata ne 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ta fi jin jiki. A 2016 ta sanar da cewa kuɗi ya yanke mata, ta sallami ma'aikata ɗaruruwa. Wane uba ne zai aika 'yarsa gwanar wasa makarantar da ake raɗe-raɗin za a rufe? Ga shi kuma ƙungiyoyin rukuninsu a lokacin suna can nesa, Utah, da New Mexico, da Seattle, tafiyar jirgin sama, a dawo a shiga aji.

Wanda ya taɓa koyarwa a makarantar da albashi yakan makara ya san yadda sakamakon yara yakan bi sawun aljihun makaranta. Littafin NCAA ba shi da gurbin rubuta wannan. Lamba kaɗai yake ɗauka.

Ba shi kuma da gurbin wani abu da ya fi ba mu mamaki. Sau 59 yaran nan suka sa riga, suka ɗaure takalmi, suka fita gaban mutane, suna sane da abin da ake faɗi a kansu. A tsakanin wasa da wasa kuma ga horo kusan kullum. Mun ga yara da yawa da suka jefar da littafi don faɗuwa ɗaya tak, mun kuwa ga iyayen da suka taya su da zagi.

Ran 8 ga Fabrairu 2018 Jami'ar Utah Valley ta zo musu gida a Chicago. Aka tashi 84 da 74, Chicago State ce a sama. Nasarar nan ita kaɗai suka samu a shekarar, a ƙarshenta kuma jami'ar ta nemi wani mai koyarwa.